Me Za A Faɗa A Bakin Kabarinmu?

Zancen da aka ba mu yau ba mai daɗin ji ba ne, amma mutuwa rigar kowa ce, gara mu tattauna ta tun muna da numfashi.

Kwanakin baya wani dattijon ikilisiyarmu ya same mu da damuwa. Ɗansa mai aikin jinya a Ingila ya je jana'izar abokin aikinsa. Babu fasto, babu addu'a, babu karatun Littafi Mai Tsarki. Wata mata ta jagoranci taron, ta ba da tarihin mamacin, matarsa da abokansa suka yi magana, aka sa waƙar da yake so, aka yi shiru na ɗan lokaci, sannan aka ƙona gawar. Yaron ya bugo waya ya ce, "Baba, ban taɓa jin an faɗi gaskiyar mutum a jana'iza kamar ranar nan ba." Dattijon ya tambaye mu, "Fasto, anya yaron nan bai fara barin hanya ba?"

Kafin mu amsa, bari mu san abin da yaron ya gani. Jana'iza ce ta masu aƙidar ɗan'adamtaka, waɗanda suka ɗauka rai ɗaya ne tak, babu Allah, babu lahira, don haka mutum ya yi kirki saboda ɗan'uwansa mutum. Ƙungiyarsu a Birtaniya ta samo asali tun 1896, ta koma amsa sunan Humanists UK a 2017, tana kuma horar da masu jagorantar irin wannan jana'iza. Mai jagorancin yakan je gida ya zauna da iyalin, ya tattara labarin mamacin, ya rubuta, ya ba su su duba kafin ranar. Irinta aka yi wa marubuci Terry Pratchett a 2015. Abin yana yaɗuwa domin ƙasar ta sauya. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wels ta nuna masu kiran kansu Kirista sun sauko daga kashi 59 cikin 100 a 2011 zuwa kashi 46, marasa addini kuwa sun hau daga kashi 25 zuwa 37. Cikin mutanen nan 'ya'yanmu da jikokinmu suke zama.

'Yan'uwa, ba ma tare da su a aƙida, amma abu biyu sun tsone mana ido. Na farko gaskiya. Sau nawa muka tsaya a bagade muka wanke mutumin da kowa ya san bai ƙara taka majami'a ba tun ranar aurensa? Matarsa tana zaune a gaba, ta san wahalar da ta sha, tana ji ana kiransa ginshiƙin ikilisiya. Matasa suna kallonmu, suna kuma auna sauran wa'azinmu da wannan ma'auni. Na biyu shiri. Su sukan faɗi abin da suke so tun suna da rai. Mu kuwa muna gudun zancen kamar mai jawo mutuwa, sai mu bar iyali da gardama: a birni za a binne ko a ƙauye? Gawa ta yi wata biyu a ɗakin ajiya ana jiran anko da saniya da buga littafin jana'iza. A watse, gwauruwa ta tashi da bashi, yara su bar makaranta. Maƙwabtanmu Musulmi sukan binne nasu a ranar, ba su kuwa fi mu rashin ƙaunar mamatansu ba.

To, mene ne namu da babu a wancan taro? Jana'izarsu baya take kallo, domin a ganinsu labarin ya ƙare. Tamu tana kallon baya da godiya, tana kallon gaba da bege. A 1 Tasalonikawa sura 4 Manzo Bulus bai hana kuka ba, abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na wanda ba shi da bege. Ubangiji da kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, sannan ya kira shi ya fito. Shi ya sa jana'izar Kirista sujada ce. Mamacin ne dalilin taruwa, amma Almasihu da ya tashi daga matattu shi ne kan magana.

Ko Kirista yana da izinin faɗin yadda yake so a sallame shi? Ƙwarai kuwa. A Farawa sura 49 Yakubu ya bar wasiyya a kai shi kogon Makfela wurin kakanninsa. A sura 50 Yusufu ya rantsar da 'yan'uwansa su fita da ƙasusuwansa daga Masar. Musa ya ɗauke su, aka binne su a Shekem. Ku lura, dukansu biyu ba girma suka nema ba, shaida suka bari cewa alkawarin Allah zai cika. A zamaninmu Billy Graham, wanda ya rasu a 2018, an binne shi cikin akwatin katako mara ado da fursunoni suka ƙera a jihar Luwiziyana ta Amurka. Akbishop Desmond Tutu na Afirka ta Kudu, wanda ya rasu a Disamba 2021, ya roƙa a samo masa akwati mafi araha, aka kuwa yi hakan. Akwatunan nan sun yi wa'azi.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Kowane magidanci da kowace uwa su rubuta wasiyya: inda za a binne su, ayar da za a karanta, waƙoƙin da za a rera, da iyakar kuɗin da za a kashe. A karanta wa iyali, a ajiye ɗaya wurin dattawa. Na biyu, mu masu hidima mu riƙa zama da iyali kafin jana'iza, mu faɗi alherin mamaci na gaskiya, mu yi shiru a kan abin da ba mu sani ba. Na uku ya fi wuya. Idan namu ya bar bangaskiya, ya ce kada a yi masa sujada, kada mu ƙwace gawarsa da ƙarfi mu sa masa shaidar da bai bayar ba. Mu je, mu yi kuka da masu kuka, mu yi addu'a domin masu rai. Shari'a ta Allah ce, shi ne ya san abin da ke zuciya.

Amsar da muka ba dattijon nan ita ce, "Baba, ɗanka bai ɓata ba, gaskiya yake ƙishi. Ka rubuta taka wasiyyar ka aika masa, ka gaya masa dalilin begenka tun kana iya magana da bakinka."

Ubangiji ya koya mana ƙidaya kwanakinmu, ya sa jana'izarmu ta zama shaida. Amin.