Jawabi Kan Amanar Gari a Hannun 'Yan Sa-kai

Ya 'yan'uwa, mu tuna mafarin Lakurawa. Wajen 2017 zuwa 2018, wasu shugabannin al'umma a Tangaza da Gudu, jihar Sakkwato, suka gayyato su don korar ɓarayin daji. Da suka zauna da gindinsu, sai suka koma ƙwace shanu da sunan zakka. A Nuwamban 2024 suka kashe mutum 15 a Mera, masarautar Argungu.

Ba mu ga laifin ƙauyen da ya nemi 'yan sa-kai ba. Amma kafin a miƙa wa saurayi bindiga, a rubuta sunansa gaban dagaci, a san wanda zai tsawata masa. Wanda suka kama, Bakabe ne ko Bafulatani, a kai shi gaban alƙali a Argungu ko Birnin Kebbi. Kada a yanke masa hukunci a daji.