Jawabin Shugaban Kwamitin Koyarwa a Bikin Yaye Ɗaliban Ajin Python na Manchester da Birmingham

 

Mai girma shugaban taro, manyan baƙi, dattawan al'ummar Hausawa mazauna Manchester da Birmingham, limamai da malamai, iyayenmu mata, shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, malaman aji 'yan sa-kai, ɗaliban da ake yayewa yau, da duk wanda ya cancanci a ambace shi aka tsallake ba da gangan ba, kwamiti yana yi wa kowa barka da zuwa.

Python yare ne na rubuta wa kwamfuta umarni. Da shi ake gina manhajojin lissafin kuɗi, da tace bayanan asibiti, da binciken kimiyya, da yawancin ayyukan ƙirƙirarriyar basira da ake ta magana a kansu yanzu. Ba a sayensa, ba a hayarsa. Rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake, lasisinsa kuma ya halatta wa kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba, har ya yi kasuwanci da shi. Wannan shi ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja.

Tarihin rubuta wa kwamfuta umarni yana da saiwa a nan Manchester. Ranar 21 ga Yuni, 1948, wata na'ura da ake yi wa laƙabi da Baby, wadda Frederic Williams da Tom Kilburn da Geoff Tootill suka haɗa a jami'ar wannan birni, ta zama kwamfutar lantarki ta farko da ta aiwatar da umarnin da aka adana a cikin ma'ajiyarta. Umarni 17 Kilburn ya rubuta mata, ta yi minti 52 kafin ta ba da amsa. A shekarar ce Alan Turing ya zo Manchester, shi ne kuma ya rubuta littafin jagora ga masu aiki da kwamfutar Ferranti Mark 1 ta 1951. A wancan lokacin, da wahala ake magana da na'ura, cikin alamomin da mutane ƙalilan suka iya. Alick Glennie a 1952, sai Tony Brooker bayansa, suka fito da Autocode domin mutum ya rubuta abin da ya fi kusa da lissafin da ya sani, na'ura ta juya shi da kanta. Kwaikwayon Baby da aka gina a 1998 yana nan a gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchester. Ɗalibin da ya san hanyar filin ƙwallo na Old Trafford ko Etihad amma bai taɓa leƙa wannan gida ba, to, takardar shaidarsa da saura.

Shi Python a Amsterdam aka haife shi. Guido van Rossum ya fara rubuta shi a Disamba 1989 a cibiyar bincike ta CWI, ya sake shi ga jama'a a Fabrairu 1991. Abin da ya raya shi tun daga nan shi ne shawara. Duk wanda yake son a yi wa yaren babban sauyi sai ya rubuta takardar da ake kira PEP, ya bayyana matsalar, da maganin da yake gani, da hanyoyin da ya duba ya ajiye tare da dalilinsa. Sai a baje ta a fili, masana da 'yan koyo su yi ta muhawara, a karɓa ko a ƙi, a kuma adana hujjojin don na baya. A 2001 aka kafa gidauniyar Python Software Foundation don riƙe haƙƙin mallakar yaren da tallafa wa tarukansa.

Shawara tana da tsada. An saki Python 3 a Disamba 2008 da sauye-sauyen da suka hana tsofaffin manhajoji da yawa aiki sai an gyara su, kuma sai 1 ga Janairu, 2020 aka daina kula da Python 2. Sama da shekara 11 ke nan ana lallashin mutane su ƙaura. A Yuli 2018, bayan zazzafar gardama kan PEP 572, van Rossum ya ajiye matsayinsa na mai yanke hukuncin ƙarshe. Yaren bai rushe ba. Masu gina shi suka zauna suka tsara sabon shugabanci, a 2019 suka zaɓi majalisar mutum 5. Yanzu kowane Oktoba ake fitar da sabon bugu. Ƙungiyoyinmu da shugaba ke sauka a yi shekara ba a kira taro ba, akwai abin dubawa a nan.

Birmingham tana da nata kaso. A can aka yi taron masu Python na Birtaniya, PyCon UK, na farko a 2007, aka maimaita a 2008, sannan taron EuroPython na nahiyar Turai ya sauka a birnin a 2009 da 2010. Marigayi John Pinner yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan aiki, har aka sa wa lambar yabo ta masu yi wa al'ummar Python hidima a Birtaniya sunansa. A Jami'ar Birmingham kuma Farfesa Aaron Sloman ya ba tsarin Poplog da yarensa Pop-11 masauki bayan an buɗe shi kyauta a 1999. Taron PyCon UK ya zaga Coventry da Cardiff, a Satumba 2025 ya iso Manchester. Maganar wanne ne birni na biyu a Ingila kuwa, kwamiti ba zai tsoma baki ba, tunda daga ɓangarorin biyu aka kawo abincin yau.

Ɗaliban da ke zaune a gaba sun yi abin a yaba. Sun fara daga buga gaisuwa a allo, suka wuce zuwa sarrafa jadawalin bayanai da gwada manhaja kafin a sake ta. Wasu sun rubuta manhajar lissafin adashe da ke nuna wanda ya zuba da wanda kwasa ta zo kansa. Wasu sun yi ta lokutan salla, aikin da ba shi da sauƙi a ƙasar da rana ke kai wa bayan ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba a watan Yuni. 'Yan mata sun haɗa wadda ke bin rubutu tana nuna inda aka sa k a gurbin ƙ, ko d a gurbin ɗ. Ƙananan cikinsu sun kunna fitilu da na'urar micro:bit, wadda BBC ta raba wa 'yan makaranta a 2016. Sun koyi ajiye aiki a shafin GitHub, da karɓar gyara daga abokin aiki ba tare da an ɓata rai ba, wanda shi ne darasi mafi wuya. 

Saura maganar da kwamiti ya fi so a tafi da ita gida, ita ce ta kulawa da kuɗinta. Buɗaɗɗiyar manhaja kamar rijiyar unguwa take: kowa na zura guga, amma ranar yasa sai a nemi mutane a rasa. Kyauta ce ga mai ɗiba, amma wani ne ya biya da barcinsa da hutunsa. A Afrilu 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ke tsare sirrin bankuna da shagunan intanet a faɗin duniya. Da aka duba sai aka tarar gudummawar da ake aika wa aikin ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. A Maris 2024 injiniya Andres Freund ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa a wata na'ura, ya bi diddigi, ya tono wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a manhajar xz. Wanda ya dasa ta ya daɗe yana nuna shi mai taimako ne ga mai kula da aikin, ɗan sa-kai da nauyi ya yi wa yawa, har aka miƙa masa amana. Gajiyar mutum ɗaya ta kusa buɗe wa ɓarayi kwamfutocin duniya. Ita kanta gidauniyar Python sai a 2021 ta ɗauki ma'aikaci na cikakken lokaci don kula da ginin yaren, shekara 30 bayan fitowarsa.

Wannan aji ma haka yake tafiya. Malamansa suna da aikinsu da iyalinsu. Akwai masu sauka daga aikin dare su zo su tsaya gaban allo. Akwai masu biyan kuɗin jirgin ƙasa tsakanin tashoshin Piccadilly da New Street daga aljihunsu, wasu su bi babbar hanyar M6 da man motarsu. Hayar ɗaki ba a biyanta da "Allah ya saka da alheri", ko da yake ana son addu'ar. Kwamfutocin da aka yi karatu da su na aro ne, masu su kuma sun fara tambaya. A gafarce mai magana, amma al'ummar da ke cika zaure ranar biki da anko iri ɗaya, ta kuma ɗauko mawaƙi daga gida, ba za ta ce ta gaza biyan hayar aji ba. Alkawarin da aka ɗauka bara a wannan zaure, masu shi sun san kansu, ma'aji ma ya san su. Ba za a kira suna yau ba saboda akwai baƙi.

Abin da kwamiti ke nema a fili yake. A kafa asusu mai zubi duk wata, komai ƙanƙantarsa, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a. Waɗanda ke aiki a kamfanonin fasaha su tambayi wuraren aikinsu kwamfutocin da aka daina amfani da su. Kowane ɗalibi da ya karɓi takarda yau ya dawo ya zauna kusa da sabon ɗalibi a zango mai zuwa. An koya masa kyauta da yaren da wasu suka gina kyauta, kada a ce rijiya ta bayar guga ya hana.

Wajen ajin ma aiki na jira. Ba sai gwani ke ba da gudummawa ba: gyara kuskure a littafin bayani, da kai rahoton matsala dalla-dalla, da amsa tambayar ɗan koyo duk hidima ce. Tun 2017, ta PEP 545, aka tsara hanyar fassara littattafan bayanin Python, kuma masu Faransanci da Japananci da Sifaniyanci sun yi nisa. Hausa tana buƙatar masu ɗaukar wannan nauyi. Python 3 yana karɓar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba tare da wata dabara ba, don haka uzurin haruffa ya ƙare. A gida kuma akwai abokan aiki: an yi taron PyCon Africa na farko a Accra a Agusta 2019, masu bincike na HausaNLP suna tattara bayanan Hausa don na'ura ta fahimce ta. Ɗalibin da ke Birmingham zai iya aiki da na Kano ko Maraɗi a kan rubutu ɗaya a dare ɗaya.

Kwamiti yana gode wa malamai, da iyayen da suka riƙa kawo yara cikin sanyi da ruwan sama, da waɗanda suka ba da aron ɗaki. Ana roƙon shugaban taro ya taso ya miƙa takardun shaida, ma'aji kuma yana bakin ƙofa da littafinsa. Allah ya sa albarka a abin da aka koya, ya mai da kowa gidansa lafiya.