Macen Da Aka Yi Wa Gyaran Yoyon Fitsari, Idan Za Ta Sake Ɗaukar Ciki: Jawabi Ga Zumuntar Mata Da Dattawan Ikkilisiya

 

Maganar da muka kawo yau ba a saba yin ta a gaban maza ba, amma mun roƙi dattawa su zauna, domin rabin maganar tasu ce. A ƙauyukanmu na Yauri, Ngaski da Shanga akwai matan da suka yi fama da yoyon fitsari, aka kai su asibiti, aka ɗinke, suka dawo a bushe. Mun yi godiya ga Allah tare da su. Yanzu tambayar da suke yi mana a asirce ita ce: ko zan sake haihuwa? Amsar ita ce, da yawa daga cikinsu za su iya. Sai dai wannan ciki ba irin wanda ake bari ya zo yadda ya ga dama ba ne. Ana shirya masa tun kafin a ɗauke shi.

Mu tuna yadda ciwon yake samuwa, don mu gane dalilin dokokin likita. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya tokare a ƙugu kwana biyu ko uku, yana matse mafitsara a jikin ƙashi. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, ya bar rami tsakanin mafitsara da gaban mace. Galibi jaririn ma ba ya zuwa da rai. Wani lokaci kuma yankan gishiri ne ke huda wurin. Ba maita ba ce, ba kuma hukuncin wani zunubi ba ne. Likita yana iya rufe ramin, amma abin da ya ɗinke tabo ne, kuma tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyen nama. Ƙugun da ya hana jariri na farko fitowa, a wurin mata da yawa yana nan yadda yake. Idan aka bar ta ta sake yin doguwar naƙuda a ɗaki, ɗinkin zai iya yagewa, kuma gyara na biyu ya fi na farko wuya.

Wuraren gyara suna nan, ba sai an bar ƙasa ba. A jiharmu akwai cibiyar Gesse a Birnin Kebbi. Akwai asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya yi shekaru yana wannan aiki yana koya wa likitocinmu, da kuma cibiyar Evangel ta ECWA a Jos. A watan Fabrairu na 2005 an yi wani gangami na mako biyu a jihohin Kano, Katsina, Sakkwato da Kebbi, inda aka yi wa mata fiye da 500 aiki. Mun kawo wannan ne don a san ba ita kaɗai ba ce, kuma ma'aikatan waɗannan wurare sun san tambayar haihuwa sarai. Kowace mace ana sallamarta da takarda ko kati. Don Allah a adana shi kamar takardar gona. Shi ne zai gaya wa likitan gaba irin aikin da aka yi.

Yanzu ga naku, maza. Ana ce wa macen da aka yi wa gyara kada ta kwana da miji har wata uku aƙalla, wasu likitoci su ce shida, kuma kada ta ɗauki ciki sai bayan wata shida zuwa shekara guda, gwargwadon abin da likitanta ya gani. Mun san inda matsalar take. Mace ta yi shekara biyu ko biyar a gidan iyayenta, an guje ta, ga shi ta warke. Tana tsoron in ta ce wa miji ya dakata zai sake juya mata baya, dangin miji kuma suna ƙirga watanni suna jiran ɗa. Sai ta yi shiru ta yarda. A ganinmu wannan nauyi bai kamata ya zauna a kanta ba. Mijin ne zai tafi tare da ita asibiti ya ji da kunnensa, shi ne kuma zai tare mata bakin uwarsa da 'yan'uwansa. Hanyoyin tazarar haihuwa, allura ko ƙwaya ko ashanar da ake sa wa a hannu, suna asibitocin gwamnati. Ma'aurata su tattauna da ma'aikaciyar lafiya, wanda yake da damuwa ta fuskar bangaskiya ya zauna da fastonsa ko malaminsa, amma a yi maganar a fili.

Akwai abu na biyu da ya shafe mu, mu mutanen bakin ruwa, fiye da na tudu. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya kwanta ya zama tafki, aka tashi dubban mutane daga gungu da bakin kogi zuwa sababbin matsuguni. Ruwa mai kwanciya shi katantanwa ke so, ita ce kuma ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana shiga ta fata lokacin wanki, wanka, wanke kifi ko aikin shinkafa a fadama. Tsutsar tana zama a jijiyoyin jini kewaye da mafitsara, ƙwanta yana maƙalewa a bangonta. Shi ya sa ake ganin jini a ƙarshen fitsari. Mu kan ɗauka ciwon yara maza ne, har wasu su ce alamar girma ce. Mata ma suna kamuwa, kuma a wurinsu yana taɓa gaba da bakin mahaifa, ya kawo ƙaiƙayi, ruwa da zubar jini, har miji ya fara zargin abin da babu shi. Bayan shekaru mafitsara tana tauri, tana ƙanƙancewa, jini yana raguwa a jiki. Macen da ke da ɗinki a mafitsara ba ta bukatar wannan ƙarin. Maganinsa, praziquantel, shi ne wanda ake raba wa yara a makarantu. Ya fi kyau a gwada fitsari a sha shi kafin a ɗauki ciki. In ciki ya riga ya shiga, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a ba mai ciki bayan wata uku na farko, amma daga hannun ma'aikacin lafiya, ba daga tiren mai talla a kasuwar Yawuri ba.

Da zarar wata ya wuce ba ta ga al'ada ba, ta fara awon ciki. Kunyar ɓoye ciki har sai ya fito ba ta wannan mace ba ce. Ranar farko ta nuna katinta ta ce: an taɓa yi mini gyaran yoyon fitsari. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce awo sau takwas. Za a ba ta maganin ƙarin jini, allurar tetanus, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu, ta kuma kwana cikin gidan sauro. Ta roƙa a riƙa gwada fitsarinta, domin ƙwayar cuta tana iya zama a mafitsara ba tare da zafi ba, ta hau zuwa ƙoda, ta jawo haihuwa kafin lokaci. Zazzaɓi da ciwon kwiɓi, zafin fitsari, jini, kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani, ko jin jiƙewa ta dawo, duk ba a kwana da su a gida.

Wata magana ƙarama a nan. Wasu matan, ko bayan an rufe ramin, fitsari yana ɗan zubo musu in sun yi tari ko sun ɗaga tulu, ciki kuma yana ƙara shi. Sai su daina shan ruwa don kada su jiƙe a majami'a. Wannan yana sa fitsari ya yi kauri, ya yi wari, ya ci fata, har dutse ya fito a mafitsara. Ta sha ruwa sosai, ta yi fitsari a kai a kai. Mu kuma mu bar mata wurin zama kusa da ƙofa ba tare da kallo ba. Mun san labarin macen nan mai zubar jini shekara goma sha biyu a Markus sura 5, da yadda Ubangiji ya tsaya mata a tsakiyar taro.

Haihuwar kanta, shawarar likitoci ita ce a yi mata aiki a ciro jaririn, a ranar da aka sa, mako ɗaya ko biyu kafin cikar wata tara, ba tare da an jira naƙuda ba. Mun san ana yi wa wadda aka yi wa aiki gori cewa ba ta cika mace ba. Iyayenmu na Zumunta, wannan gori daga bakin mata yake fitowa, ku ne za ku kashe shi. Hoton ciki da aka ɗauka da wuri shi ke taimaka wa likita ya sa rana daidai, wani dalili ke nan na fara awo da wuri. Asibitin shan magani na ƙauye ba ya yin wannan aiki. Sai babban asibiti, kamar na Yelwa, ko Birnin Kebbi, ko Kontagora ga waɗanda ta fi musu kusa. Miji ya je da ƙafarsa tun ciki yana wata shida ya tambaya: akwai likitan da zai yi aikin, akwai jini, nawa ne kuɗin? A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi wannan aiki kyauta. Ku tambaya ko asibitin da kuka zaɓa yana cikin shirin, amma ku tanadi kuɗinku duk da haka, don mota, abinci da magani.

Sai batun hanya, wanda shi ya fi kayar da mu. Wanda yake gungu ko ƙetaren ruwa ya san ba a samun jirgi da tsakar dare, in an samu kuma kuɗin mai ya ninka. Ba mu manta da jirgin da ya nitse kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ba, da rayukan da suka salwanta. Da damina hanyoyin cikin Shanga da Ngaski suna yankewa, babur ma sai an tura. Saboda haka mace ta bar ƙauye mako biyu ko uku kafin ranar da aka sa, da rana tsaka, cikin jirgin da ba a cika masa kaya ba, da rigar ruwa in akwai. Al'adarmu ta zuwa goyon ciki gidan iyaye tana da kyau, amma in gidan iyayen ya fi nisa da asibiti, a wannan karo a sauya. In naƙuda ta zo kafin ranar, ko faya ta fashe, a kama hanya nan take. Kada a kira ungozoma ta gwada tukuna, kada a ba ta jiƙo.

Abin da muke roƙon kowace ikkilisiya da ke kusa da babban asibiti shi ne ɗaki ɗaya, da tabarma da gidan sauro, inda irin wannan mace da mai jinyarta za su sauka, Kirista ce ko Musulma. Zumuntar Mata ta ware wani kaso na adashinta ko na baikon kaka, a riƙe shi a hannun ma'aji da shaidu biyu, a ba da shi rance ba ruwa. Matasa kuma su je a gwada rukunin jininsu, a rubuta sunayen mutum uku ko huɗu da za a kira ranar aiki. Maigida ya ware akuya ko buhun shinkafa tun farkon ciki, kada ya jira ranar da ɗan kasuwa zai ga idonsa ya ja ya karya masa farashi.

Bayan an haihu, kada a yi gaggawar fara wankan jego da tafasasshen ruwa a kan ɗinki, kuma a rage kanwa a kunu. Za a sake ba ta shawarar tazara, shekara biyu kafin wani ciki, kuma duk haihuwar da za ta biyo baya a asibiti za a yi ta. Duk macen da ta ga fitsari yana zubo mata bayan wahalar naƙuda, ko ta fari ce ko ta biyar, a kai ta cikin kwanakin nan. Idan ramin sabo ne kuma ƙarami, robar fitsari da aka sa na 'yan makonni takan sa ya rufe ba tare da an yi aiki ba.

Matan da ke son magana a keɓe, abokan aikinmu mata suna ɗakin baya har a tashi. Dattawa kuma muna roƙon ku tsaya kaɗan bayan addu'a, mu ji wace ikkilisiya ce za ta fara ba da ɗaki.