A Bari Muryar Mai Ba da Waƙa ta Fito: Jawabi ga Masu Shirya Rawar Gargajiya a Gombe

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, garin ya cika ya batse. Fulani da Tera da Bolewa da Tangale da Hausawa, kowa da irin rawarsa, a Jekadafari ko Bolari ko Pantami. A galibin waɗannan raye-raye mutum ɗaya ne ke ba da waƙa, 'yan amshi su karɓa, masu rawa kuma su sauya taku bisa abin da suka ji daga bakinsa. In muryarsa ta nutse, amshi zai makara, sahu ya wargaje.

Abin takaici, lasifikar da aka ɗauko haya domin ta taimake shi ita ce sau da yawa ke binne shi. Wanda ke riƙe da na'ura yakan ba kowace ganga makirufo, sa'an nan ya murɗa kome zuwa ƙarshe. Ganga da kalangu kuwa tun fil azal suna cika dandali ba da wutar lantarki ba. Muryar ɗan Adam ce mai rauni, kuma baƙaƙen da ke bambanta kalma da kalma suna cikin siririn sauti, wanda rugugin ganga ke dannewa. Saboda haka lalle ne a fara daidaita makirufon mai waƙa shi kaɗai, a rage masa kauri, a umurce shi ya riƙe shi dab da baki. Bayan haka a shigo da kiɗa kaɗan kaɗan, a tsaya tun kalmomi ba su fara ɓacewa ba.

Mazaunin lasifika ma abin lura ne. A ɗaga ta sama da kan jama'a, a gaban mai waƙa, tana fuskantar fili. In tana bayansa, makirufo zai kwashi abin da ta fitar ya mayar mata, sai a ji kukan nan mai tsinka kunne. Kada kuma a saita ta ga doguwar katanga. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa. Katangar da ke nesa za ta dawo da shi a makare, masu rawa su rasa wanda za su bi. Janareto a kai shi bayan gida da doguwar waya.

A gwada kayan tun da rana, a sake gwadawa in fili ya cika, domin jikin mutane da tufafinsu suna shanye sauti. Mai gwajin ya taka zuwa ƙarshen taro ya saurara da kunnensa.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a wuraren wasa ya wuce desibel 100 cikin minti 15. Nijeriya ma tana da dokar hana yawan ƙara tun 2009, wadda hukumar NESREA ke lura da ita. Yara su ne suka fi son manne wa lasifika. A sa babba ɗaya ya riƙa janye su.