Jirgin da Ya Koya Mana Awo: Jawabi a Taron Reshe



An nemi mu ba da bayanin ƙaramin jirgin saman da mu malaman kimiyya muka yi karo-karo muka saya domin ɗalibanmu. Irin wanda ake sarrafawa da rimot ne, mai alkafura da mirgina a sama. Ya zo a ƙere cikin kwali. Namu kawai shi ne ɗaura fiffike da jela, da haɗa wayoyi, da sanya batir mai ɗaki uku, wato bolt 11.1. Farfela ita ce ta ƙarshe, domin tana yanka yatsa. A kullum rimot ake fara kunnawa kafin jirgi.

Ranar farko sauri ya haifi nawa. Yara sun cika fili, mu kuma ɗoki ya hana mu auna nauyinsa. Yana tashi ya ɗaga hanci, ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗo a gaban 'yan aji shida. Farfela ta karye, fiffike ya tsage. Jikinmu ya yi sanyi, domin kuɗin daga albashi aka tsakuro su.

Daga baya muka gano laifinmu. Ana ɗora jirgi a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗinsa daga gaba. Idan jela ta rinjaya, ba zai saurari matuƙi ba. Mun tura batir baya da yawa. Yaran ne suka ɗauko rula, suka auna, suka raba, suka sa alama. Darasin kashe-kashen lamba da muka yi makonni muna fama da shi ya zauna a wannan yammacin.

Bayan gyara, muka tashe shi da sassafe yana fuskantar iska, muka kai shi sama sosai kafin alkafurar farko. Abu mafi wuya shi ne idan ya juyo yana fuskantar mutum, sai dama ta koma hagu.

A 1878 mahaifin 'yan'uwan nan Wright ya kawo musu abin wasa mai tashi. A 1903 suka tashi da jirgin gaske. Mu kuwa ga Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama a Zariya tun 1964, amma yaranmu da yawa ba su san da ita ba.

Roƙonmu ga reshe biyu ne: a taya mu neman izinin hukuma da fili mai nisa da filin jirgi da wayoyin lantarki, a kuma sayo batir na biyu, domin guda ɗaya 'yan mintuna yake yi, alhali yara sun yi layi.

Allah ya yi mana jagora. Wassalamu alaikum.