Jawabi Ga Iyaye: Yaron Da Numfashi Ke Yi Wa Wuya



Yau maganarmu a kan zuciyar yara ce. A cikin jarirai 100 da ake haifa, kusan 1 yakan zo da matsalar zuciya tun daga ciki. Wani da huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciyarsa. Wani kuma wata jijiyar jini da ya kamata ta rufe 'yan kwanaki bayan haihuwa ce ta zauna a buɗe. Wannan ba aikin maita ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne.

Yaya za mu gane? Jariri yana gajiya da gumi in yana shan nono, yana numfashi da sauri, ba ya ƙara nauyi, tari yana yawan dawo masa. Ku duba leɓe, harshe da farce, ko sun yi shuɗi-shuɗi. Yaron da ya fara tafiya yakan tsuguna a tsakiyar wasa don ya sami numfashi. In ya shiɗe haka, ku naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirjinsa, ku kwantar masa da hankali, ku nufi asibiti nan da nan.

Tsaga a ƙirji ba ta toshe huji. Ku fara da asibitin da ke kusa, a saurari ƙirjinsa. In likita ya ji wani sauti, ku roƙi takardar turawa zuwa Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a ɗauki hoton zuciya da ake kira eko. Ba ya zafi, ba a yanka.

Akwai magani. Ƙananan huji da yawa sukan rufe da kansu yayin da yaro ke girma. Wasu ana ba da magani, wasu sai tiyata. Tun 1974 aka fara tiyatar buɗe zuciya a Nijeriya, a Enugu. Ɗan ƙwallon nan Nwankwo Kanu ma an yi masa aikin zuciya a Amurka a 1996, ya koma fili ya ci gaba da wasa, kuma a 2000 ya kafa gidauniyar taimaka wa yara masu ciwon zuciya.

Akwai kuma wanda za mu iya tarewa. Ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, in ba a yi maganinsa daidai ba, yana iya lalata ƙofofin zuciyar yaro ɗan makaranta. Maganinsa penisilin ne daga ma'aikacin lafiya, ba cire beli wurin wanzami ba. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, kada ta sha maganin da ba a rubuta mata ba. A kai yara rigakafin ƙyanda da rubella, domin rubella in ta kama mai ciki tana iya taɓa zuciyar jaririn.

Mun san abin da ke hana mutane tafiya: kuɗin mota ta Wudil zuwa Kano, da abincin jinya. Don haka muna roƙo kowace zumuntar mata ta ware ɗan asusu domin wannan, a kuma sami wanda ya san gari ya raka iyayen. Jinkiri yana iya lalata huhun yaro har aikin ya gagara. In kun san gidan da ke da irin wannan yaro, ku je ku yi masu magana a wannan makon.

Allah ya raya mana yaranmu.