AMSOSHIN WASIƘUNKU: Masu Zuwa Da Rikoda Suna Tambayar Damuwa

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Batagarawa, kusa da birnin Katsina. Ya ce wasu ɗalibai sun zo masa da takarda da rikoda, suna tambayar yadda yake barci da abin da ke damunsa in damina ta yi gardama. Yana tambaya, anya ba dabarar haraji ba ce?

To malam, in aikin na gaskiya ne, ba ruwansa da haraji. Hanya ce ta masana halayyar ɗan Adam. Zazzaɓi ana auna shi a asibiti, amma damuwa sai mai ita ya faɗa. Hirar iri biyu ce. Akwai wadda ake jero wa kowa tambayoyi iri ɗaya, don a gwada amsar wannan da ta wancan. Akwai kuma wadda ake barin mutum ya yi ta zuba, mai bincike ya kasa kunne.

Wahalar aikin ita ce kunyarmu. Ka ce wa Bahaushe ina gajiya, sai ya ce ba gajiya, ko da yanzu ya sauke garma. Shi ya sa gwani ba ya gaggawa, ba ya kuma sa wa mutum magana a baki. Cikin gida kuwa, mace ake turawa.

Abin ba sabo ba ne. A nan Batagarawa, wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a 1967 tana tambayar magidanta kan noma da talauci, littafinta ya fito a 1972. Kafin ita, Mary Smith ta ɗauki labarin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta a ƙasar Zazzau, a 1949 zuwa 1950.

Saboda haka in sun dawo, ka nemi takardar makarantarsu, ka ji ko mai unguwa ya san da su. Su yi maka alkawarin sakaya sunanka. Tambayar da ba ka so, kana da ikon ƙin amsawa. Wanda ya nemi kuɗi ko lambar asusunka na banki, sallame shi. In ka yarda kuwa, faɗi gaskiya, don amsar kara ba ta amfanar kowa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.